Ina son in zama fasto, in kuma koyar da tauhidi: yaya rayuwar take?

Tambaya: Baba, ni matashi ne a nan Sakkwato. Na gama digiri, ina kuma taimakawa a Makarantar Lahadi. Zuciyata na ja na zuwa aikin fasto, amma abin da na fi so shi ne in zama malamin tauhidi a makarantar horar da fastoci. Yaya rayuwar mai wannan aiki take? Me ake karantawa? Ana iya riƙe iyali da shi? Ban da coci da aji, me irinku ke sha'awa?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na lura da yadda ka jera maganarka. Fasto ka ambace shi a gurguje, malamin tauhidi kuwa ka zauna a kansa. Matasa masu ƙwaƙwalwa da yawa haka suke zuwa mini, domin aji ya fi tsabta, babu rigimar dattawa, babu mai buga maka ƙofa da tsakar dare. To, bari in faɗa maka tun yanzu cewa malamin da bai taɓa riƙe ikkilisiya ba, ɗalibansa suna gane shi tun makon farko. Yawancinsu sun girme shi a aikin. Wasu masu bishara ne da suka yi shekaru a ƙauye kafin a turo su ƙaro karatu. Za ka gama bayani mai kyau a kan aure, wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mutum ya tuba yana da mata uku, wace zan ce ya sallama, kuma 'ya'yanta wa zai ci da su?" Idan ba ka taɓa zama a tabarma ɗaya da irin wannan mutum ba, littafin da ke hannunka ba zai cece ka ba.

Saboda haka coci ne farko. Kuma ka san irin cocin da za ka riƙa a Sakkwato.

Jama'armu a garin nan yawancinsu aiki ne ko kasuwa ya kawo su: soja da ɗan sanda, ma'aikacin asibiti, ɗalibin jami'a, mai yi wa ƙasa hidima, ɗan kasuwa. Akwai mutanen ƙasar Zuru da na kudancin Kaduna, na Filato da Adamawa, ga Inyamurai da Yarbawa waɗanda wasunsu nan aka haifi iyayensu, Sakkwatancin bakinsu ya fi nawa. Wannan yana nufin ikkilisiyarka tana tafiya ne kullum. Ka horar da mutum har ya isa zama dattijo, sai takardar canjin wurin aiki ta zo, ka koma farawa da wani. A watan Disamba, lokacin da majami'un Jos da Kafancan ke cika har waje, naka kujerun ne ke zama babu kowa, kowa ya tafi gida Kirsimeti. Idan aka yi rasuwa, sau da yawa dangi za su ce a kai gawa gida, kai kuma fasto kana cikin motar, tafiyar yini guda ko fiye, a kan hanyoyin da ka san halin da suke ciki a 'yan shekarun nan. Ga sujadar Hausa, ga ta Turanci, kowace da mutanenta da abin da ke ɓata mata rai.

Wa'azin Lahadi, wanda shi ne abin da mutane ke gani, bai kai rabin aikin ba. Sauran yana cikin mako: ajin masu shirin baftisma, addu'ar tsakiyar mako, gaisuwar marasa lafiya a asibiti, sulhun miji da mata wanda za ka zauna a kansa har dare ya raba, taron dattawa a kan kuɗin baiko da kwanon rufin da ke yoyo, Zumuntar Mata na son ka zo ka buɗe musu taro, matasa na son a sayo musu sabbin kayan kiɗa. Wa'azin kansa kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni tun Talata nake fara karanta nassin, in bar shi ya kwana a kaina. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, za ka same ni a tsakar gida da fitilar caji, takarda na manne wa hannu saboda gumi, ina neman yadda zan faɗi aya ɗaya ta wasiƙar Romawa yadda sojan da ya kwana a bakin aiki ba zai yi gyangyaɗi ba.

Yanzu ɗora koyarwa a kan wannan. Mu ba mu da kishiya a gida, amma ayyukan nan biyu kishiyoyi ne, kowace na ƙirga kwananta. Ranar da kake da tarin takardun jarrabawa da za ka duba, ranar ce za a kira ka an kwantar da wani. Manyan makarantun tauhidin Arewa ba a kusa da mu suke ba, shi ya sa wanda ke riƙe da coci a nan kuma yana koyarwa yakan tafi ne ya yi 'yan makonni a jere ya ba da darasi ya dawo, ko ya koyar a ƙananan makarantun Littafi Mai Tsarki da azuzuwan yamma. Wanda ya koma koyarwa gaba ɗaya, sai ya tattara ya koma inda makarantar take.

Batun inda ake karatu, ya danganta da ɗarikarka, kuma kada ka tsallake ta, domin ita za ta naɗa ka. Ikkilisiyoyin TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, suna da kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru, wadda ta fara karatu a 1959. ECWA tana da makarantar tauhidi ta JETS a Jos tun 1980, ga ta Kagoro, ga ta Igbaja a jihar Kwara. Anglikan na da kwalejin St. Francis a Wusasa, Baftis na da tasu a Kaduna. Ɗan Katolika hanyarsa daban ce kuma ta fi tsawo: falsafa tukuna, sannan tauhidi, a makarantu irin su St. Augustine ta Jos, abin da ke cin shekara tara ko kusa da haka, kuma babu aure. Tun da ka yi maganar iyali, na ɗauka ba can ka nufa ba. Mai digiri a wani fanni irinka ba sai ya koma difloma ba, akwai digiri na biyu na aikin fasto da akan yi cikin kamar shekara uku. Amma wanda zai koyar, sai ya ƙara da digirin bincike, daga baya kuma na dakta. Kafin ka biya ko sisi, tambayi makarantar wace jami'a ce take jingine da ita, ko kuma hukumar ACTEA, wadda ke tantance makarantun tauhidi a Afirka, ta amince da ita. Yanzu akwai masu raba digirin dakta a ɗakin taron otal bayan zaman mako biyu. Takardar tana da kyau a bango, iyakarta ke nan.

Abin da za ka karanta yana da yawa, amma harsuna ne ke fara korar mutane. Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi, Tsohon Alkawari da Ibrananci, sai 'yan wurare a littafin Daniyel da Ezra da ke da Aramiyanci. Ibrananci daga dama ake rubuta shi zuwa hagu, kuma ɗan'uwan Larabci ne, don haka wanda ya tashi a Sakkwato kunnensa ya saba da Larabci ya fi wasu samun sauƙi. Sai tarihin ikkilisiya, wanda nake so ka riƙe da hannu biyu. Za ka ji an ce maka addinin Bature kake bi. Ka san cewa Atanasiyus, wanda ya tsaya tsayin daka a kan matsayar taron Nikiya na shekarar 325, mutumin Iskandariya ne a Masar. Tartuliyan ɗan Kartaj ne, a Tunisiya ta yau. Agustin, wanda ya rasu a 430 kuma har yau Turawa ke karatu a gindinsa, bishop ne a Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya. Habasha ta karɓi bishara tun ƙarni na huɗu. Bayan waɗannan akwai tauhidi mai tsari, da ilimin fassara nassi, da dabarun wa'azi, da ba da shawara ga masu damuwa.

Sai kuma darasin da ɗalibai a wasu wurare ke ɗauka don cike gurbi, amma kai a nan shi ne rayuwarka: sanin Musulunci.

Sakkwato garin malamai ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Muhammadu Bello sun bar rubuce-rubuce ɗaruruwa a tsakaninsu, kuma har yau ana karanta su a zaure. A garin da yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya kawo maka aya da ka, idan aka kira ka "malamin Kirista" to ana auna ka ne da wannan ma'auni. Akwai wani maƙwabcina, dattijo mai karatu, da muke zama ƙarƙashin dogon yaro bayan la'asar. Wata rana ya aje butarsa ya ce, "Fasto, ina tambaya tai maka. Ku kun ce Allah guda na, kuma kun ce ukku. Ƙaƙa abin yake?" Ba faɗa yake nema ba, yana son ya ji ko na san abin da nake bi. Irin wannan tambaya ba a amsa ta da ɗaga murya, ba a kuma amsa ta da misalin ƙwai ko ruwa da ƙanƙara da ake koya wa yara, domin mai ilimi zai rushe shi nan take. Dole ka san abin da ikkilisiya ta faɗa a taron Nikiya da kuma taron Kalsidon na shekarar 451, ka san kuma abin da shi ya fahimta idan ya ji an ce "ɗa", ka fara da tabbatar masa cewa abin da yake ƙyama, wato a ce Allah ya yi aure ya haihu, kai ma kana ƙyamarsa. Mun rabu ran nan bai yarda da ni ba, ni ma ban yarda da shi ba, da azumi ya zo kuma kunu da ƙosai suka shigo gidana kamar kullum.

Manyan da suka riƙe ikkilisiya a garin nan sun gane haka. Josiah Idowu-Fearon, bishop na farko na Anglikan a Sakkwato daga 1990, ilimin Musulunci ya je ya karanta a Birmingham ta Ingila, daga baya a 2015 ya zama babban sakataren Anglikan na duniya. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ya zo a 2011, digirinsa na dakta a Landan a kan addini da siyasa a Arewacin Nijeriya ya yi shi. Ba sai ka yarda da duk abin da suke faɗa ba kafin ka ga cewa karatu ne ya ba su bakin zama da sarakuna da malamai. Kuma wanda yake garin nan a watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba aka sa dokar hana fita, ya san cewa wannan ba maganar ado ba ce. A irin wannan rana fasto ne zai tsaya gaban matasa masu zafin rai da iyaye masu tsoro, kuma abin da zai fito daga bakinsa ya dogara da abin da ya daɗe yana karantawa da mutanen da ya daɗe yana gaisawa da su. Ina koya wa ɗalibaina cewa bagade ba wurin zagin addinin kowa ba ne, haka ma Facebook da WhatsApp.

Ka san tarihin yadda muka zo nan ma. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta faro da mutum uku a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu cikin shekara guda, ba ta samu shiga sosai ba sai a shekarun 1930, ta ƙofar jinyar kutare. Asibitin Amanawa da ke kan hanyar fita gari yana cikin wannan tarihi. Daga aikin SIM ne ECWA ta fito a 1954. Katolika kuma limaman Dominikan ne daga Amurka suka kafa aikin, Sakkwato ta zama dayosis a 1964. Fasto da ya san cewa da wanke gyambo aka fara, ba zai raina zuwa asibiti ba.

Abin da ya fi damuna a aji kuwa shi ne harshe. Muna koyarwa da Turanci, littattafan da Turanci, jarrabawa da Turanci, sannan ɗalibi ya koma ikkilisiyar da tsofaffinta Hausa kawai suke ji. Ina da wata al'ada: idan ɗalibi ya kawo mini shafi goma a kan barata ta wurin bangaskiya, wato yadda Allah ke karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, cike da sunayen Jamusawa, sai in rufe takardar in ce, "To, ga wata tsohuwa daga Zumuntar Mata, ba ta yi boko ba, jikanta ya rasu jiya. Faɗa mata wannan da Hausa." A nan ake ganin wanda ya fahimta da wanda ya kwafa. Mafi yawa sukan fara da Hausa, kafin jimla ta uku sun zame cikin Turanci. Kuma misalin yadda ake yi yana nan kusa da mu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta iya Larabci sarai, amma ta zuba ilimi cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa, ta horar da jagororin mata da ake kira jaji suna kai wa matan ƙauye. Mu da muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai tare da Hausawan da suka taimaka masa, aka kuma sake fassara shi a 1979, har yanzu littattafan tauhidi masu zurfi da aka rubuta kai tsaye da Hausa ba su taka kara sun karya ba. An fassara babban sharhin nan na Littafi Mai Tsarki da malaman Afirka suka rubuta, wannan ci gaba ne. Amma fassara daban, tunani da Hausa daban. Idan kana neman inda za ka yi amfani, ga fili nan babu kowa a ciki.

Ka karanta tarihin Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda aka haifa a 1936. Ya yi sakataren ECWA, ya yi dakta a Dallas ta Amurka, ya shugabanci ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Kukansa shi ne ikkilisiyar Afirka na yaɗuwa amma ba ta da zurfin koyarwa. Wasu malamai na ganin ya tsananta wa al'adun gargajiya, ni ma a wasu wurare ina tare da su, sai dai makarantun da ya yi fafutukar a kafa su ne suka haifi masu sukar tasa.

Kuɗi. Ana riƙe iyali, amma ba a yin arziki, in dai ta hanyar gaskiya ne. Albashin fasto daga baikon ikkilisiyarsa yake fitowa, don haka na cikin gari da na ƙauye ba ɗaya ba ne, wani ma da damin gero ake cika masa. Malamin makarantar coci yana ƙasa da na jami'ar gwamnati, kuma wata kan zo ya wuce ba a biya ba. Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yi a Koranti. Kusan duk abokan aikina suna da gona ko kiwo, ko matansu na koyarwa ko sana'a. Digirin da kake da shi kada ka jefar, zai yi maka rana. Kuma yarinyar da za ka aura ka faɗa mata gaskiya tun kafin a kai kaya, domin ranar da aka naɗa ka ita ma ta zama "Mama", za a sa mata ido a kan ɗaurin ɗankwalinta da tarbiyyar 'ya'yanta, ba tare da an ba ta ko kwabo ba.

Sha'awa kuwa, kowa da tasa. Akwai masu ƙwallo, akwai masu lambu. Ni tsofaffin takardu ne ke ja na. Na koyi karanta ajami saboda haka, kuma nakan shiga gidan adana tarihi na Waziri Junaidu in ɓata yini. Ina tara karin magana a wani littafi, musamman daga bakin tsofaffin mata, domin littafin Karin Magana na Sulemanu ya fi buɗewa ga wanda ya tashi cikin irin wannan zance. Sai waƙa. Yawancin waƙoƙin da ke cikin littafin waƙoƙinmu fassara ce da aka ɗora a kan muryoyin Turawa, waɗanda ba su damu da hawa da saukar sautin Hausa ba, shi ya sa wani lokaci muryar kan ja kalma zuwa inda ba ta nufa ba. Saurari Zumuntar Mata da tulunsu da kacau-kacau, mai ba da waƙa na bayarwa ana amsawa, ka ji yadda labarin ɗa mubazzari ke zama daram. Na daɗe ina ganin su ne suka fi mu koyar da tauhidi, mu masu allo da alli. Da safe kuma rediyo, wannan ba sai an faɗa ba, duk wanda zai hau bagade ranar Lahadi ya kamata ya san farashin buhun gero da abin da ya faru a Isa da Sabon Birni.

Abin da za ka yi yanzu ba shi da wuya. Babu makarantar kirki da za ta ɗauke ka ba tare da takardar shaida daga ikkilisiyarka ba, don haka je ka samu fastonka da dattawa, ka faɗa musu abin da ka faɗa mini. Roƙe su su ba ka aiki na gaske kafin ka tafi: ajin baftisma, ko wata ƙaramar majami'a a bayan gari da ba ta da mai bishara, ka riƙe ta shekara guda, damina da rani. Karanta 1 Timoti sura 3 da Yakubu sura 3 tare da fastonka, ka bar shi ya faɗa maka inda yake ganin ba ka kai ba. Haruffan Helenanci 24 ne, na Ibrananci 22, kana iya fara haddace su a wayarka tun wannan makon.